Mai Shekarar Haihuwa Biyu

Sau biyu aka haifi Pyo Deok-su, kuma ya ci moriyar abin. A lissafin wata, wanda mahaifiyarsa ke bi, ya zo duniya a wutsiyar shekarar saba'in da uku. A takardar gwamnati kuwa, farkon saba'in da huɗu. Inshorar lafiya tana biyan leƙa tumbi da kyamara sau ɗaya a shekara biyu, 'yan wannan shekarar haihuwa bana, 'yan waccan baɗi.

Nan gogan naka ya sami mafaka. Bana ya ce wa matarsa Ok-hui, "Ai takarda ta ce baɗi." Baɗi ta zo ya ce, "Uwata za ki ƙaryata? Nawa ya wuce tun bara." Gaskiyar magana, kansar tumbi ce ta ɗauke mahaifinsa yana kamar shekarunsa, kuma Deok-su ya fi son abin da ke cikinsa ya zauna a duhu.

A Disambar nan Ok-hui ta buga wa asibiti waya da kanta, ta kwana ta hana shi abinci, da safe ta tasa shi gaba. Asibitin birnin Daejeon na Koriya cike da ire-irensa, masu jira sai shekara ta zo ƙarewa, kowa cikin rigar asibiti yana hararar matarsa.

Ok-hui ta dube shi ta ce, "Baban Se-rin, gwiwarka rawa take yi."

"Sanyi ne."

"Ƙasan nan da ɗumi, malam jarumi."

Aka yi masa allurar barci. Da ya farka, likita ta juyo masa da hoton.

"Baba, babu komai. Ɗan ja ne kawai, a rage barkono da giyar soju."

Deok-su ya ƙura wa tumbinsa ido, fes, yana sheƙi. "Nawa ne wannan? Kai, kyakkyawa. Za a iya wanke mini in rataye a falo?"

Ya rusuna wa likita, ya rusuna wa nas, ya rusuna wa injin ruwan sha. A layi ya dafa kafaɗar wani baƙo. "Yaya, kada ka ji tsoro, ni har ƙari na nema."

"Ka yi haƙuri, allura ce ba ta sake shi ba," in ji Ok-hui, tana jan hannun rigarsa.

A shagon kunun shinkafa ya ga ta yi odar kwano biyu, sai ya gane ita ma tun jiya ba ta ci komai ba.

"Ke kuma me ya hana ki karyawa?"

"Sha kununka kafin ya huce."