Rami na Uku a Takobin Amani

Kayan Amani ba su da yawa, amma sun daɗe a hannun uwarta Ummusalama. A danginsu ba a ba da tufar mamaci yadda ya bar ta. Sai an wanke, an ɗinke inda ta yage, an mayar da maɓallin da ya faɗi, an turara, sannan a ninke a miƙa. Haka uwar Ummusalama ta yi da kayan mijinta a Mafaza, haka ita ma ta yi da na nata mijin, yanzu kuma ga ta zaune a rakuba, rumfar karan da ke ƙofar ɗakinta a Gadarif, tana yi da na 'yarta tilo. Zazzaɓi ne ya ɗauke Amani ana tsakiyar yankan riɗi.

Tufafin ta kai wa matan da yaƙi ya koro daga Hartum, waɗanda ke kwana a makarantar da Amani ke koyarwa kafin a rufe ta. Takalma da tabarau maƙwabta suka samu. Gida ya zama fayau, sai gadon igiyar Amani a jingine da bango, sai kuma talafon mai tsage a kusurwa.

Wannan talafon sun sha faɗa a kansa. Tun da aka rufe makaranta, kullum bayan la'asar Amani kan kishingiɗa ta yi ta danne-danne tana magana da mutanen da ba a gani. In uwar ta ce mata mace ƙatuwa da wasan yara, sai ta ce, "Inna, ƙira nake yi, kada ki ɓata min wuta."

Wata la'asar talafon ya yi ƙara. Ummusalama ta ɗauka, kafin ta yi sallama wata murya ta rufe ta da faɗa.

"Ke maƙeriyar banza, wane rami kika shiga? Ko kin sayar da takobina kin sha shayi da kuɗin?"

"Wa ke magana?"

"Rasha ce. Ina neman Amani."

"Ni uwarta ce. Amani ta riga mu gidan gaskiya."

Matar ta fashe da kuka. Can ta yi ta'aziyya, ta ce, "Albarka a cikinku, Inna. Mu yi mata Fatiha." Suka ɗaga hannu, ɗaya a Gadarif, ɗaya a Bur Sudan, suka karanta.

Rasha 'yar Hausawan Madani ce, yaƙi ya kai ta bakin teku, tana sayar da shayi a gefen tasha. Ba su taɓa haɗuwa da Amani ido da ido ba, a cikin wasan suka san juna. Ummusalama ta bari ta gama kuka, sannan ta tambaye ta abin da ya tsaya mata a rai.

"Kin ce takobinki. Wane takobi?"

"Ba komai ba ne, Inna, abin wasa ne. Ita maƙeriya ce a ciki, ni mai yaƙi. Ta yi min alkawarin takobi, ta daɗe tana haɗa shi."

"Yana nan?"

"Yana cikin jakarta ta cikin wasan."

"To alkawarin mamaci ba wasa ba ne. Kafin sadakar arba'in zai zo hannunki. Nuna min hanya."

Rasha ta yi ta nuna mata, la'asar bayan la'asar. Danna hoton dutse. Jira shabaka, wato sabis, ta kama, in ta yanke ki ɗaga talafon sama. Da allon ya buɗe, sai ga wata 'yar mace tsaye a gaban maƙera, da walkin fata da koren ɗankwali, tana sauya ƙafa kamar wadda ta gaji da jira. Amani ma haka take tsayuwa a layin burodi. Ummusalama ta kife talafon a cinya, ranar ba a ci gaba ba.

Washegari suka buɗe jakar. Cike take da ƙananan duwatsu masu sheƙi, an jera su launi launi, yadda Amani ke jera kwalaben yaji.

"Ja wuta yake ƙara wa sara," in ji Rasha. "Shuɗi yana sa ƙarfe ya yi tauri. Kore kuma jini yake mayar wa wanda aka ji wa ciwo. Ƙananan nan ba su da ƙarfi. Sai ki zuba uku masu launi ɗaya a maƙera su narke su zama babba guda. Wani lokaci su fashe ki tashi a tutar babu. 'Yarki in ya fashe mata har zagin maƙerar take yi."

"Na sha ji. Na ɗauka da ni take."

Rasha ta yi dariya, karon farko.

Takobin yana can ƙasan jakar. A jikin ƙotarsa akwai ramuka uku. Na farko da jan dutse, na biyu da shuɗi, na uku kuwa baƙi ƙirin, ba komai a ciki, kamar gurbin haƙori.

"Ba ta gama ba," in ji Ummusalama.

"Ki aiko shi haka, Inna. Kada ki wahalar da kanki, ni zan cika. Gobe in nuna miki wurin ɗan aiken cikin wasan. Ga masu shan shayi sun taru, sai gobe."

Ummusalama ta san irin wannan magana. Duk wadda ka kai wa kayan mamaci haka take cewa, da kin bar shi haka, da ba ki wahala ba. Kara ce kawai. Wa zai miƙa riga da maɓalli a ɓalle, a ce 'yar Ummusalama ta tafi ta bar aiki rabi?

Da safe ta kai talafon kantin Babiker, mai allon hasken rana a kan rufi, don ya cika. Ya ga hoton da ke kan allon ya dube ta.

"Hajja, ke ma kin shiga yaƙi? Wane ɓangare kike?"

"Ɓangaren masu cika waya su yi shiru."

Ta koma gida da hantsi. Unguwa shiru, kowa ya tafi gona ko kasuwar amfanin gona, sai kukan jakin mai ruwa daga nesa. Ta zauna a rakuba ta buɗe jakar, ta daɗe tana duban duwatsun kamar mai tsince tsakuwa a riɗi. Ja akwai, shuɗi akwai. Yarinyar nan da ke can bakin teku, ba uwa kusa, kullum tana shiga ana saranta, ba ƙarin wuta take buƙata ba. Ta tuna ranar ƙarshe a asibiti, da aka ce jinin Amani ya yi ƙasa, aka fita nema ba a dawo da wuri ba. Ta sa yatsa a kan kore.

Ukun farko da ta zuba suka fashe, ƙarar kamar an saki finjalin gahawa a siminti. Ta yi salati. Ta sake zuba uku da bisimilla, suka narke suka zama ɗaya mai girman ƙwayar gyaɗa. Ta ga akwai sauran irinsa biyu da Amani ta riga ta haɗa, ta tara su ta sake zubawa. Wutar maƙera ta tashi ta lafa. Dutsen da ya fito kore shar, kamar ganyen karkashi bayan ruwa.

Ta ja shi da yatsa zuwa ramin. Yatsan ya bushe da aiki, allon ba ya jin sa sosai, sai da ta lasa. Wani rubutu ya fito da haruffan Turawa, dogo, da ja a ciki. Ita abin da ta iya karantawa na makarantar allo ne. Ta danna inda ta saba dannawa a maƙera. Dutsen ya zauna daram, takobin ya yi haske tun daga ƙota har tsini.

Ranar ta ci abinci da rana, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Bayan la'asar Rasha ta kira ta raka ta wurin ɗan aike. Ummusalama ta ja takobin ta sa a akwatinsa, ya dawo jaka. Ta sake, ya sake dawowa.

"Ya ƙi," ta ce. "Akwai wani ɗan kwaɗo a jikinsa, irin na ƙofa."

Rasha ta ce, "Inna, ramin nan na uku, yana nan a buɗe?"

"Na cike shi. Ba zan aiko miki da abu da gibi ba."

"Na ce ki aiko shi haka."

"Na ɗauka kunya ce."

Rasha ta yi bayani a hankali, kamar mai gudun kada wani abu ya zube. Maƙeri ba ya cika ramin ƙarshe. Duk wanda ya sa dutse na ƙarshe, takobin ya zama nasa ke nan, ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa. Amani ta gama aikinta tsaf. Da gangan ta bar ramin, na Rasha ne.

Ummusalama ta dubi allurar da ke soke a gefen tabarma. "To a cire."

"Ana iya cirewa. Amma in aka cire ɗaya duka ukun fashewa suke yi, har biyun da ta sa da hannunta. Jan nan tun kafin damina take haɗa shi."

"Takobin fa, zai zo miki?"

"Zai zo. Ƙarfe tsirara."

"Naki ne. Ke za ki faɗa."

Ta ji ƙarar cokali a kofi daga can, da wani yana kiran mai shayi, Rasha ba ta amsa masa ba.

"Kada ki fasa su," in ji Rasha. "Wanne ma kika sa?"

"Kore."

"A takobi? Inna, kore na sulke ne. Ba mai sa shi a takobi, har Amani ma sai ta yi miki dariya."

"Ke kika ce yana mayar da jini."

Rasha ta fara dariya, dariyar ta juye kuka. Rana ta sauka daga kan rakuba zuwa bangon maƙwabta.

"Akwai abu ɗaya," in ji Rasha daga baya. "Kore in yana jikin makami, ba mai riƙe da shi kaɗai yake wa aiki ba. Duk wanda ke tsaye kusa yana samu. Amma sai mai shi ta zo ta tsaya."

"Ni ban iya yaƙi ba."

"Ita ma ba ta iya ba. Tsayuwa kawai."

Ranar sadakar arba'in aka dafa, aka ci, aka yi addu'a, mata suka wanke tukwane suka watse. Wata ta tambaye ta ko ta gama rabon kayan, ta ce saura ɗaya, a hannunta zai zauna.

Da la'asar ta dafa gahawa, ta ga ta sake jera finjali biyu, ta bar su haka. Ta saukar da gadon Amani daga jikin bango ta zauna a kai, ta danna hoton dutse. 'Yar maƙeriyar tana tsaye da takobi a hannu. Ummusalama ta tura ta, ta tafi ta yi karo da katanga, ta ci gaba da tafiya a wuri ɗaya.

"Hagu, Inna," in ji Rasha. "Hagunki, ba nawa ba."

Ta juya ta da ƙyar, ta bi ta wata ƙofa, ta iske wata doguwar mace da garkuwa tana jira, Rasha ke nan a cikin wasan. Ta matsa kusa da ita ta tsaya. Wani ɗan koren haske ya fita daga takobin ya kewaye su biyun.

"Ya iso?" in ji Ummusalama.

"Ya iso."

Ba su daɗe ba shabaka ta yanke, muryar Rasha ta ɗauke, hoton ya daskare. Ummusalama ta ɗaga talafon sama yadda aka koya mata, ta riƙe shi haka tana jira, gahawar tana hucewa a gefenta.