Ranar da Jiniya Ta Yi Shiru

Makarantar firamaren da ke bayan kamfanin fata a Challawa ba ta taɓa mallakar ƙararrawa ba. Jiniyar kamfanin ce agogonta. Da ta yi kuka da safe, iyaye su nufi bakin aiki, 'ya'yansu su nufi aji.

Ranar da jami'in hukumar ilimi zai zo dubawa, a ranar ce jiniya ta yi gum.

Malama Shifa'u, hedimasta, tana tsaye a ƙofar ofis tana kallon fili fayau. An riga an faɗa mata ƙarara: in jami'in ya tarar yara ba su da yawa, za a rufe makarantar a haɗe ta da wata a Na'ibawa. Wace uwa ce za ta bar ɗan aji ɗaya ya tsallaka titin tireloli kullum? Zaman gida za su yi.

Rana ta ɗaga. Babu hayaƙi, babu rurin inji, har kukan kurciya take ji. Ta leƙa aji uku, haske ya kwanta a kan bencina, ƙurar alli tana yawo a cikinsa a hankali. Sai ta ga kamar yaran na nan, bakuna na motsi, murya ce kawai babu. Ta daɗe a haka kafin ta farga.

Ta suri mayafi, sai ƙofar kamfani.

"Baba Inuwa, lafiya yau?"

Maigadin ya sauke kofin shayinsa. "Gyaran inji ake, Malama. An ba kowa hutu."

"Yarana fa? Suna can suna jiran jiniyarku!"

"To su ma sun huta."

"Ku taimaka ku kunna min ita, Baba. Sau ɗaya."

"Ni? In tara ma'aikata ranar hutu? A cikinsu Bulus kaɗai ya isa ya cinye ni ɗanye."

"Jikarku Hansatu aji nawa take?"

Ya dube ta, ya dubi titin da tirela ke wucewa. Ya miƙe yana gunaguni. "Wallahi ke dai fitina ce."

Kukan jiniya ya tashi a hankali, ya miƙe, ya bazu kan rufin kwano har ƙauyukan bakin kogi. Shiru. Can sai ga yara ta kowace hanya, cikin kayan makaranta fari da shuɗi, kamar daga ƙasa suke tsirowa. A bayansu kuma ga iyaye, da takalman roba da kwanon abinci.

Bulus ne a gaba, ƙato, yana huci. "Wa ya tashe ni? Ina aikin?"

"Babu aiki, Baban Esta," in ji Shifa'u. "Makaranta za a ɗauke."

Ya tsaya. Ya juya ya dubi 'yan uwansa. Ba wanda ya koma gida.

Da motar hukuma ta iso, direba ya rasa inda zai ajiye ta. Jami'in, Alhaji Uba, ya fito yana ratsa mutane, ya leƙa aji ɗaya ya ga yara har kan taga, iyaye sun jeru a jikin bango suna bin karatun da baki.

"Malama, kullum haka kuke?"

"Yaran dai kullum, ranka ya daɗe. Iyayen yau ne."

Ya yi dariya, ya gyara hula. "Ina zan kai wannan jama'a a Na'ibawa? Ku ci gaba da karatunku."