Igiyar Shanya da Binciken Baba

Su uku ne a gidan: Baba, malamin lissafi a jami'a, da Mama mai ɗinki, da 'yarsu da ake kira Auta duk da ba ta da yayye. Abinci bai gagare su ba. Abin da Baba ya rasa shi ne mujallun bincike, domin jami'ar ta daɗe da daina sayen su, kuma a sashensu babu wanda ya san fanninsa balle su yi shawara.

Fanninsa ƙulli ne. Yana neman hanyar lissafi da za a gane ko ƙulli biyu iri ɗaya ne ba tare da an kwance su ba. Tun Auta tana rarrafe yake wannan aiki, ga shi har ta shiga firamare. Ita ke riƙe masa bakin igiya idan yana gwaji, don haka take cewa aikinsu ne su biyu.

"Malam, ina igiyar shanyata?" Mama takan tambaya.

"Tana bakin aiki."

"To, a ba ta albashi. Wankinku kuwa sai ku shanya a kan allo."

Baba ya sha gaya musu cewa ranar da aka buga binciken za a ƙara masa girma, su bar ɗakin nan mai yoyo. Da ya kammala, ya aika wa wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a waje ya duba masa.

Ranar Asabar da hantsi ɗalibin ya kira. Hannun Baba duk alli, sai Auta ta riƙe wayar, kowa yana ji.

"Malam, na bi shi layi-layi. Babu kuskure ko ɗaya."

Mama ta tsayar da kekenta tana murmushi.

"Sai dai, Malam... an riga an buga shi. Wasu ne suka fitar da shi, tun kafin ma in bar wajenka. Hanyarsu da taka kusan ɗaya ce."

Baba ya ce, "Sun kyauta. Turo mini in gani, Allah ya yi maka albarka."

Ya zauna a bakin gado yana goge allin a jikin wandonsa.

"Baba, ba ka ci ba ne?" in ji Auta.

"Na ci, uwata."

"To ai a ajinmu duk wanda ya ci ana ba shi maki. Ko da shi ne na ƙarshen kai littafi."

"Haka ya kamata," ya ce.

"Sai ka kama wani ƙullin," Mama ta faɗa a hankali.

"Idan shi ma an kwance shi tuni fa? Ta ina zan sani?"

Baba ya tattara igiyoyin da ya yayyanka daga igiyar shanyar, ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulla guntayen wuri guda. Ya fita tsakar gida ya ɗaura tsakanin ƙusa da taga, ya ja ya ji ta yi ƙarfi.

Auta tana kallonsa daga bakin ƙofa. Ta fahimci cewa a makarantar su Baba mutum ɗaya ake ba maki, wanda ya fara kaiwa, ko da amsar sauran daidai ce.