Babbar Sigarin Kawu Mai Moussa

Shekara uku ina aiki a shagon sigarin lantarki a garin Bron, amma Kawu Mai Moussa bai taɓa neman shawarata ba. Da ya bar taba, wata 'yar siririyar ta lantarki kamar biro ya fara ja. Kwatsam sai ga shi ya dawo daga Paris da wata ƙatuwa, ya ɗura mata ruwansa na da, mai nikotin da yawa.

A gabana, zuƙa ɗaya ya yi tari ya sarƙe shi, har hularsa ta faɗi kusa da butar shayi.

"Huraira, ruwan ɗaya ne fa. Me ya canza?"

Haushi ya kama ni, amma na zauna.

"Kawu, shayin farko mai ƙarfi ne, a ɗan kofi ake shan sa, kai kuwa ka cika kwano ka kafa kai. Wannan tururinta ya fi yawa, ruwa mai sauƙi take so, kamar shayi na uku. Ka bar audugar cikinta ta jiƙa, ka fara da ƙaramar wuta."

Ya jujjuya ta a hannu.

"To bayan na ukun, wacce zan saya?"

"Bayan na uku, Kawu, wanke kofuna ake yi."