Saiwar Ciyawar Ghali

Ghali, mai binciken tsirrai, ya dawo daga duwatsun Lam da ƙaya a tafin ƙafa, zazzaɓi a jiki, da ciyawa guda shida cikin tsofaffin jaridu. Kwana goma sha tara ya yi a kurmin saman dutse, can kudu, kafin ya same ta a bakin wani rafi. Da ya iso Injamena ya bi takardun ɗakin adana busassun tsirrai ɗaya bayan ɗaya, tun na zamanin Turawa, bai ga mai kama da ita ba. Shi ke nan fa, takunsa ma ya canja. Ya shiga gwada yadda sunansa zai zauna a jikin sunan ciyawar, har a murfin kwalin ashana ya rubuta.

Ranar Alhamis farfesa zai zo ya tabbatar ko sabuwar ciyawa ce. Sharaɗinsa ɗaya: a kawo ta cikakkiya, domin a saiwa bambancinta yake.

Injin busarwa na ofis ya mutu tun bara, har yau ana zaman makokinsa. Don haka Ghali ya kawo jaridun gida, unguwar Ridina, ya danne su da akwatin ƙarfen Gwaggo Hadjara. Ita ta raine shi, da sana'ar turaren wuta na amare ta kai shi makaranta. Amma in abokan aiki sun tambaya, sai ya ce tana ɗan taɓa kasuwanci, ya yi maza ya canja zance.

Laraba da safe ya ɗaga akwatin. Ganye na nan, kai na nan, saiwa kuwa an datse ta tsaf da almakashi, duk shidan. Aiki mai kyau, irin na gwani.

Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya fito tsakar gida ya tarar da ita a gaban kasko, hayaƙi mai ƙamshi yana tashi.

"Gwaggo, ke kika taɓa min takardu?"

"Ƙajijin dutsen? Ai na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, yau dai ya tuna da ni ya yo tsaraba. Amaryar unguwar Sabangali na haɗa wa."

"Tsaraba? Gwaggo, ciyawar nan babu wanda ya san ta a duniya!"

"To, ni a ina nake zaune?" Ta gyara garwashi. "Matan kudu ke kawo mana ita bayan kaka. Ta bakin rafi ta fi ƙamshi, ta kan tudu ɗaci gare ta. Tun ina yarinya uwata ke aikena unguwar Walia karɓowa. Khalas, ya isa, daina huci. In saiwa kake so, ga ta can."

Ta nuna masa wani tsohon gwangwanin madara. Shekara ashirin yana tsallake gwangwanin nan in zai fita neman ilimi. Ya buɗe, ga shi cike. Ya ɗauki ɗaya ya sa a ƙarƙashin gilashin dubawa, yana fatan ya ga bambanci. Ita ce, har ɗan jan zoben da ya yi shafi uku yana bayani a kansa.

Gwaggo ta leƙo, ta ga farar takardar da ya manna a gefen ciyawar.

"Wannan rubutun fa, ɗana? Karanta min in ji abin da kuka ce a kanta."

Ghali ya dubi rubutun hannunsa. Sunanta a bakin jama'a: babu. Amfaninta: babu. Wanda ya fara gano ta: Ghali Muntaka. Kunya ta kama shi har wuya, irin wadda bai taɓa ji a gaban wani farfesa ba.

Ya karanta mata da Faransanci, harshen da ba ta ji, cikin ƙaramar murya.

Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai cike da alfahari.

"Masha Allah," in ji ta. "Wahalata ba ta faɗi ƙasa banza ba."