Ciyawar Gindin Danga

A Hunkuyi, damina ta biyu bayan samun mulkin kai, kowa ya san Malam Muhammadu Lawal da karatu, amma ba wanda ya taɓa ganinsa riƙe da fartanya. Ɗan gidan malamai ne. Tun tasowarsa ɗaliban mahaifinsa ke nome musu gona, shi kuwa hannunsa bai san nauyin komai ba sai na alƙalami. Da tsohon ya rasu ɗalibai suka watse, ruwa ya sauka bai nemi shawarar kowa ba, ciyawa ta taso a garkar bayan gida har ta fara shaƙe kuɓewa da barkono. Dole Malam ya naɗe hannun riga.

Matarsa Saudatu ce ta zama malamarsa. 'Yar manoma ce daga Janfalan, da fartanya ta buɗe ido. Ranar farko Malam ya kama ƙota kamar mai kashe maciji, ya yi ta sara, kuɓewar da ya kashe ta fi ciyawar yawa. Saudatu ta danne dariya ta karɓa ta nuna masa. A kwantar da bakin fartanya a yanko ciyawa ta ƙarƙashi, kada a zurfafa kusa da shuka. In an tumɓuke ciyawar harƙiya a karkaɗe ƙasar da ke jikin saiwar, a kifa ta saiwa na kallon rana, in ba haka ba ruwa ɗaya ya ishe ta tashi. Malam dai mai hadda ne, abin da aka faɗa masa sau ɗaya ya zauna ke nan.

Akwai wuri ɗaya a garkar wanda Saudatu ba ta taɓa kai fartanya ba, can kusurwa gindin danga. A nan 'yarta take kwance.

Ummuhani sunanta, ita ce ta fari. Ƙyanda ta ɗauke ta da bazara, tana koyon zama, lokacin Malam yana Zariya wajen karatu. Baffansa Gidaɗo ne ya sallace ta ya rufe ta a bayan gida kamar yadda ake yi wa jarirai, ya kafa tsingaron tulu a kai. Saudatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, balle ta zauna tana yi mata kuka. Mata suka yi ta yaba kawaicinta, ita kuwa cikinta kamar an zuba garwashi. Da Malam ya dawo aka yi masa gaisuwa a zaure, ya ce Allah ya sa mai ceto ce. Shi ma karar ce ta ɗaure shi, bai tambayi inda aka sa ta ba, ba kuma wanda ya nuna masa.

Da ruwa ya zuba, ciyawa ta fito a wurin, kore shar, ta fi ta ko'ina tsawo har ta rufe tsingaron. Saudatu ta bar ta. Kullum in ta shiga tsinkar ganyen miya sai ta ɗan tsaya a nan, ta shafa kan ciyawar da tafin hannu, ta wuce. Iyakar makokin da aka bar mata ke nan, kuma ba wanda ya san tana yi.

To, ga Malam hannu ya fara faɗawa. Kullum da safe sai ya ci layi ɗaya ko biyu, kullum yana matsowa kusurwar. Saudatu tana gani. Ta ce masa wurin nan tsakuwa ce, zai ɓata bakin fartanya. Ya ce zai kai wa maƙeri. Ta ce a bar wa akuya. Ya yi dariya ya tuna mata ita da bakinta ta ce ciyawar da aka bari ta yi 'ya'ya, baɗi ita ce mai garka. Maganar gaskiya tana nan a maƙogwaronta, sau da dama ta buɗe baki, sai kunya ta mayar da ita. Ta yi ta ce wa ranta gobe za ta faɗa.

Goben ta zo ranar da ake suna a maƙwabta. Saudatu ta wuni can tana tuƙa tuwo, ana miƙa mata jaririya tana karɓa tana yabawa. Da la'asar ta dawo ta tarar da Malam a bakin garka, riga jiƙe da gumi, fuska cike da fara'a irin ta yaron da ya yi sauka. Ya buɗe mata tafukan hannunsa ta ga bororon da suka yi, ya ce ta zo ta duba, yau ya gama.

Ya gama kuwa. Daga bakin ƙofa har gindin danga ƙasa ce ja, a share, a daidaice. Ɗan tudun kabarin ma ya baje shi. Ciyawar tana gefe a kife, saiwa sama, ranar wuni guda ta gama da ita.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta.

Ta taka a hankali zuwa kusurwar, ta duba nan, ta duba can. Ko'ina iri ɗaya. Ta tambaye shi ko ya ga wani tsingaro. Ya ce ya gani, ya jefa shi bayan danga don kada ya yanke wani.

Saudatu ta durƙusa ta dafa ƙasa, ba ta ma tabbata ko daidai wurin ta dafa ba.

"Ummuhani ce a nan," ta ce.

Tun ranar da aka raɗa sunan, yau ne ya fara fita daga bakinta. Kukan da ta riƙe tun bazara ya biyo bayansa, ba ta kuma tare shi ba.

Malam ya tsaya kamar an kafe shi. Fartanyar ta suɓuce daga hannunsa. Sai ya tsuguna ya shiga kwaso ciyawar, yana tona ƙasa da yatsu, yana cusa saiwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko butar alwalarsa ya dinga zuba ruwa. Duk wadda ya tsayar sai ta kwanta. Can ya ɗago ido.

"Za ta kama?"

Saudatu ta dubi saiwoyin, farare tas, babu ko ɗigon ƙasa a jikinsu. Tun da ta fara koya masa ba ta taɓa ce masa abu ya yi ba alhali bai yi ba.

"Ba za ta kama ba, Malam. Ka karkaɗe ta yadda na ce."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zuba ruwan, har butar ta ƙare.