Guntun Takun Lamont

Ranar Litinin aka sallami Quinton Mabry, ranar Talata wata ƙungiya ta ɗauke shi, kuma ko shi bai yaudari kansa cewa don gudunsa aka kira shi ba. Ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ce za ta kara da tsohuwar ƙungiyarsa ranar Lahadi. Duk wanda ya daɗe a ƙwallon Amurka ya san wannan ciniki. Ka ɗauko wanda abokan karawarka suka kora, ka ba shi riga da hular kwano, ka tatse abin da ke cikin kansa, in an gama wasa ka gode masa ka saya masa tikitin jirgi.

Shekara uku ya yi a can yana na shida a layin masu cafke ƙwallo, wato wanda ake tunawa da shi in wani ya karye. Na ɗaya da na biyu samari ne masu ɗan karen gudu, aikinsu su falfala can nesa su janye masu tsaro. Na uku shi ne Lamont Pettiford, wanda ya haye talatin, kuma a wannan sana'a hakan tsufa ne tukuf. Da zarar samarin sun share tsakiyar fili, sai Lamont ya sulale ciki, ya karya gudu dama ko hagu, mai jifa ya sakar masa. A kan wannan duk dabarar harin ƙungiyar ta rataya. In aka matsu, har mai sayar da gyaɗa a cikin 'yan kallo ya san wurin Lamont ƙwallon za ta je, amma a hana ɗin ne ya gagara.

Lamont ne ya raini Quinton a sana'ar. Shi ya koya masa ya kalli ƙugun mai tsaro ya bar kallon idonsa. A gidansa Quinton ya ci soyayyar kaza da burodin masara duk ranar biki, har matar gidan, Yvette, ta daina tambaya ko zai zo. Kuma Quinton ne ke tuƙa shi ranar hutu zuwa wurin wani likita a bayan gari, a zuƙe masa ruwa daga gwiwar hagu ba da sanin ƙungiya ba. Dalilin ɓoyon a fili yake: akwai sabon ɗauka a bayan Lamont, na huɗu a layi, kuma shugabanni uzuri kawai suke nema su musanya su.

Wannan gwiwa ita ce abu mafi tsada a kan Quinton, kuma tun a jirgi ya yanke shawarar ba za ta fito daga bakinsa ba.

Laraba da safe Koci Hollis, mai horar da masu tsaron baya, ya kira shi ɗakin kallon bidiyo. Wani jibgegen mutum ne mai tauna cingam kamar da gayya. A kujerar gefe Tyree Gaskins ne ya miƙe ƙafa a kan tebur, shi ne mai tsaron da zai riƙe Lamont ranar Lahadi.

"Zauna, ɗana," in ji Hollis. "An ba ka abinci? To madalla. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Me kake da shi?"

Quinton ya ba su abin da ya san ba zai yi illa ba. Ya faɗi alamun hannun da mai jifa ke yi, waɗanda ya tabbata an canza su tun kafin ya bar harabar. Ya faɗi wanda ke saurin fushi da wanda ke tsoron karo.

Hollis ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan ko surukata ta sani, ita da take kallo da tabarau biyu. Pettiford nake tambaya. Me ke damunsa? Na ga kamar yana lallaɓa wata ƙafa."

"Lafiyarsa ƙalau, Koci."

"Shekara uku kana riƙe masa jaka, ba ka ga komai ba?"

"Na ga yana cafke ƙwallo."

Tyree ya tuntsire da dariya. "Koci, ka ɗauko mana waliyyi. Kai ɗan'uwa, mutanen nan fa korarka suka yi. Ko katin gaisuwa sun ba ka?"

"Ba Lamont ne ya kore ni ba."

Hollis ya tofar da cingam a kwando. "Ka ji, masu cafkenmu biyu suna hannun likita. Akwai gurbi a nan na gaske, ba na mako guda ba. Amma ni ba na roƙo. Je ka sa kaya."

Quinton ya fita. Yana da 'ya ƙarama da ba ta fara tafiya ba, kuma ya san ya tura gurbin da ƙafa. Duk da haka ransa fes yake, har ya ɗan ji daɗin kansa, irin daɗin da mutum kan ji in ya yi abin kirki yana ganin ya gama da maganar.

A fili aka miƙa masa wata rigar raga ruwan ɗorawa ya ɗora a kan tasa, ɗauke da lambar Lamont. Haka ake yi kowane mako. 'Yan bayan layi su ke zama abokan karawa na ƙarya, kowa ya ɗauki mutum guda ya kwaikwaye shi, masu tsaro su gwada hannu a kansu. To wa za a ba Lamont in ba shi ba?

Nan kam bai ga abin ɓoyewa ba. Baki aka ce a tsare, ya tsare. Gudu kuwa aikinsa ne, kuma in akwai sauran hanyar da zai burge mutanen nan, ita ce wannan. Ya tsaya yadda Lamont ke tsayawa, kafaɗa a sake kamar mai jiran mota. Ya tashi a hankali, ya ƙara wuta, ya karya. Bai ma yi wani ƙoƙarin kwaikwayo ba, don shi ba shi da wani gudu sai wannan. Tun zuwansa sana'ar yake bin bayan Lamont a atisaye yana sa ƙafa inda ya sa.

Ranar farko ya wanke Tyree tas. Sau da dama Tyree na can yana rungumar iska, Quinton na nan da ƙwallo a ƙirji.

"Sannu, Tsoho ƙarami," in ji Tyree yana haki, don Tsoho yake kiran Lamont. "Sake yi mini wancan na dama."

Ya sake. Alhamis ma Tyree ya yi ta cewa a sake na dama, har Quinton ya fara tsokanarsa ko kuɗin makaranta zai biya. Ran Juma'a sai ga Tyree ya daina surutu. Ya buge ƙwallo biyu, ya ƙwace ɗaya, ya koma layi shiru yana murmushi. Quinton ya ɗauka gajiya ce ta kama Tyree, ya je ya shiga bahon ƙanƙara.

Lahadi da rana aka sa masa kaya, amma a gefen fili ya yi yawancin wasan, hular kwano a hannu. Ya hango Lamont can ɗaya gefen yana miƙa jiki. Lamont ya ɗaga masa yatsa biyu, shi ma ya ɗaga.

Da farko komai ya tafi yadda aka saba. Samarin nan biyu suka falfala, tsakiya ta buɗe, Lamont ya karya hagu ya cafke. Ya sake karyawa hagu ya cafke. Sai aka zo inda aka matsu, Lamont ya shiga tsakiya zai karya dama. Kafin ya juya, Tyree ya riga shi isa wurin. Ƙwallon ta faɗo a hannunsa kamar shi aka jefa wa, ya kwasa da gudu har ƙarshen fili.

Filin ya ɗauki ihu. Tyree ya dawo gefe ana ta dukan hularsa, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Quinton. Ya dangwara masa ƙwallon a ciki.

"Taka ce, waliyyi. Riƙe."

"Tawa kamar yaya?"

"Guntun takun nan mana. In za ka karya dama, sai ka saka wani ɗan guntun taku kafin ka dasa ƙafar hagu. In hagu za ka, babu shi. Na ce wannan yaro a ina ya samo wannan? Na koma bidiyon Tsoho, sai ga shi, kullum, kamar agogo. A bidiyo shekara nawa ina kallonsa ban gani ba, sai da ka yi mini shi a gaban hancina kwana uku." Ya daki kafaɗarsa. "Ka ce ba ka da abin faɗa. Ashe kai da ƙafa kake magana."

Quinton ya tsaya riƙe da ƙwallon. Ya san takun sarai. Yana alfahari da shi ma, don sai da ya sha wuya kafin ya iya shi daidai yadda Lamont ke yi. A ganinsa wata dabara ce ta manya, ta sa mai tsaro ya saki jiki. Bai taɓa lura cewa gefe guda kawai ake yinta ba.

Daga nan wasan ya zama abin tausayi. Duk sanda Tyree ya ga guntun taku sai ya yi dama, in bai gani ba ya yi hagu. Lamont bai sake taɓa ƙwallo ba. Samarin nan biyu suka yi ta gudun banza, mai jifa ya yi ta waige-waige har aka riƙa kayar da shi. Kafin kashi na ƙarshe na wasan, Quinton ya ga an kira sabon ɗaukan nan ya shiga, Lamont ya zauna a benci da tawul a wuya. Ba wanda ya je kusa da shi.

Da aka tashi, Hollis ya wuce ta gabansa yana tauna sabon cingam. "Ka nemi gida, ɗana, ka kawo iyalinka. Na yi magana da shugabanni."

Abin da ya zo nema ke nan, kuma ya ji shi kamar an ba shi kayan mamaci.

'Yan wasa suka cika tsakiyar fili ana gaisawa. Quinton ya so ya sulale, amma Lamont ya riga ya nufo shi, yana tafiya a hankali. Ya jawo shi ya rungume.

"Ƙanena. Yaya jaririya?"

"Yaya, ban faɗa musu ba."

"Bari wannan. Kana da iyali. Da ni ne a matsayinka—"

"Na rantse ban faɗa ba. Sun tambaye ni gwiwar, na ce lafiyarka ƙalau. Lambarka suka sa mini a atisaye, na yi gudu, shi ke nan. Takun nan ya gani a ƙafata."

"Wane taku?"

Quinton ya ja baya, ya nuna masa a kan ciyawa, a hankali: gudu, guntun taku, dasa hagu, juyawa dama.

Lamont ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. "Sake yi."

Ya sake.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kai mana. Tun shekarata ta farko nake ganin kana yi."

"Na taɓa ce maka ka yi?"

"Ba ka ce ba. Na ɗauka irin abin nan ne da ba a faɗa, sai dai mutum ya ɗauka da ido."

Lamont ya sa hannu ya shafa fuskarsa. Ba fushi a idonsa, kuma Quinton ya gwammace a ce fushin ne.

"Wannan ba dabara ba ce, Quinton. Ciwo ne. Ba na iya dasa ƙafar nan da cikakken gudu, sai na rage. Ni ban ma san ana gani ba." Ya nuna ƙafar Quinton. "Kai gwiwarka me ya same ta?"

"Ba komai."

"Ba komai. Shekara uku masu horarwa suna cewa kana da hannu amma kana makara wurin juyawa. A gabana suke faɗa. Ni kuma ina cewa su ba ka lokaci." Ya girgiza kai. "Kana bayana kullum, ban taɓa waigowa na kalli ƙafarka ba."

Wani ma'aikacin ƙungiyar su Lamont ya kira shi daga bakin hanyar shiga, ya ce babban koci na son ganinsa kafin a hau mota. Su biyun sun san abin da irin wannan kira yake nufi, irinsa aka yi wa Quinton ranar Litinin.

"Yaya, bari in je in gaya musu—"

"Ka gaya wa wa? Me?" Lamont ya riƙe masa wuyan riga, ya jijjiga shi kaɗan. "Saurara. Gobe da safe ka fita fili kai kaɗai, ka cire takun nan daga jikinka. Ka dasa ƙafarka da ƙarfi, lafiyayya ce. Ka ji ni? Kada in kunna talabijin in ga kana ɗingishina."

Ya sake shi, ya juya ya nufi wurin da ake kiransa.